Farantan Gidan Ummu Midhat

Kafin mai tallan burodi ya wuce lungunsu a unguwar Shubra ta Alkahira, Ummu Midhat ta riga ta zuro kwandonta da igiya daga baranda. Tana jawo shi, sai ta bi ƙofofin 'yan hayarta tana rataye wa kowa rabonsa, sannan ta shiga kicin ɗin da duk gidan ke girki a ciki ta ɗora wake.

Tun rasuwar mijinta take ba da hayar ɗakunan, ita kuma ta takure a ɗan ɗakin gindin matakala. Na zauna a gidan har na yi aure, amma har yau ban gane ko gidan haya ne ko gidan gado ba. Dokarta ɗaya ce, wadda kowa a Alkahira ya sani amma ita ta riƙe da gaske: in an aiko maka da abinci, faranti ba ya komawa wayam. Da wannan doka ta haɗa Ammu Girgis mai guga, Kirista ɗan Asyut, da Tahani, nas 'yar Aswan, waɗanda da can ko gaisuwa ba ta haɗa su. Farantai suka yi ta yawo har aka rasa na wane ne.

Ke ce uwar baƙi, Ummu Midhat. Ke kika yi jinyar Tahani da zazzaɓi ya kayar da ita, da likita ya tambayi danginta kika harare shi kika ce, ni kuma mece ce?

Yanzu tsufa ya fara taɓa mata tunani. Takan kira Tahani da sunan wata da ta tashi tuntuni. Ana tsakiyar azumin Kiristoci, lokacin da Ammu Girgis ko ƙwai ba ya ci, ta aika masa da kaza. Ya karɓa da hannu biyu, ya zagaya ya miƙa wa Tahani, ya mayar da farantin da miyar wake.

Wannan mantuwa ce ta taso ɗanta Midhat daga Kuwait. Ya ce zai kai ta wata sabuwar unguwa, ya ɗaukar mata mai aiki, a rufe gidan. Ya kawo kwalaye, ya bi ɗaki ɗaki yana neman farantan mahaifiyarsa. Kowa ya ce ya jira a sauke tukunya tukuna. Duk farantin da ya dawo a cike, sai tsohuwa ta ce a juye, a zuba wani abin a mayar. Bawan Allah ya wuni hawa da sauka, kwali ko ɗaya bai cika ba.

"Mama, don Allah wannan na wane ne?"

"Ina na sani? Ban ma san ko ni zan bayar ko ni za a ba ba. Kai dai zuba shinkafa ka kai sama."

A matakala Ammu Girgis ya tare shi. "Ɗana, in ka kai ta can, wa zai ƙwanƙwasa mata ƙofa? Nan in ta manta muna tuna mata. In abin ya faskara, Tahani ta ci kaza."

Midhat ya zauna a wurin da faranti a cinya. Bai ce ya fasa ba, bai kuma sake ɗauko zancen ba.

Mun gode, Ummu Midhat. Ko kin manta sunayenmu, mu ba mu manta ɗanɗanon hannunki ba. Masu gidajen haya, ku leƙo Shubra ku ga yadda ake riƙon mutane.

Ranar komawar Midhat Kuwait, kwalaye na jingine yadda ya kawo su, ta ɗaure masa farantin dafaffiyar shinkafa a ƙyalle. Ya ce mata ai a jirgi zai tafi, ina shi ina faranti.

"To ka dawo min da shi nan gidan," ta ce. "Ka san doka."