Taku Ɗari Uku da Sha Bakwai na Baffa Weng

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, Baffa Weng Tien-sung ya rasu a gidansa da ke tsibirinmu na Kinmen, yana da shekara tamanin. Maƙwabciyarsa ce ta kira ni. Kafin in ce komai sai na duba kalanda, kamar yadda ka koya mini, Baffa. Ranar cika ce, ba a harbi.

Yaran yanzu ba su san wannan lissafi ba. Shekara ashirin ana yi mana ruwan igwa daga ƙetaren teku a ranakun mara, wato ɗaya, uku, biyar, a bar mu mu huta a ranakun cika. Yau tsohon sansanin soja ya zama wurin shaƙatawa: ana tseren keke a kan hanyar tankoki, ana ɗaukar hoto a bakin igwa. Kai kuwa, shekara sha ɗaya da na san ka, a ranakun cika kaɗai kake zuwa wurin.

Ba ma'aikacin wurin ba ne kai, amma kowa ya ɗauka kai ne. Kana yawo da butar shayi da famfon keke. Na ga ka durƙusa da gwiwarka mai ciwo kana hura wa baƙo taya, ya miƙo kuɗi, ka ce, "Ajiye, ɗana, iska ce, ba ni na halicce ta ba." Gyara ne ya haɗa mu. Na rubuta a jarida cewa an haƙa babban ramin soja cikin wata huɗu, ka zo har ofis da takardar a hannu.

"'Yar jarida, wata huɗu? Da alƙalaminki kika haƙa? Bakwai ne. Ni na kwashe duwatsun."

Rana ɗaya tak kake karya dokarka, ɗaya ga Nuwamba. Bara ka ce in raka ka. Daga bakin ramin ka soma ƙirga taku, muka bar hanya, muka tsaya a wani fili mai ciyawa inda iyalai ke shimfiɗa tabarma. Taku ɗari uku da sha bakwai. Nan gonar dankalinku take a 1961. Da yamma yayanka Tien-tsu ya tambaye ka ko ya fita ya kwaso buhunan, ka ce masa, "Jiya sun yi, yau hutu." Kana ɗan sha shida, ka manta cewa bayan talatin da ɗaya, ɗaya ke zuwa. Mara biyu a jere. Ya fita, harbin igwa ya same shi a gonar, nan ya rasu.

Babu allon tunawa da shi a wurin, domin shi ba soja ba ne. Na ce, "Baffa, bari in rubuta, a sa masa alama."

"Bayan na tafi, ki rubuta. Amma ki ƙirga daidai, na san halinki."

Ranar ɗaya ga Nuwamban bana na je ni kaɗai da turare. Na ƙirga ɗari uku da sha bakwai, na tsinci kaina a wurin ajiye kekuna, na zarce filin da nisa. Takunka gajere ne, na tsoho mai ciwon gwiwa, kuma ban taɓa aunawa ba. Na koma bakin ramin, na taho a hankali ina jan ƙafar hagu kamar yadda kake yi. Wasu baƙi suka matsa mini hanya. A taku na ƙarshe na ga guntayen turarenka na bara a gindin wani dutse. Na sa alama a taswira, na auna da igiya: mita ɗari da arba'in da tara. Ga shi na rubuta, Baffa, ba wanda zai zo ya gyara mini.

Ubangiji ya yi maka rahama, ya sauke maka nauyin kalma biyar ɗin nan da ka ɗauka shekara sittin da huɗu, ya sada ka da Tien-tsu a inda ba a duba kalanda. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarka Shu-chen da ke birnin Kaohsiung da jikokinka biyu. Duk ranar da suka zo, zan kai su wurin, da irin takunka.

Hsueh Pi-yun