Bindigar Likita

Shekara goma sha huɗu na yi a ɗakin ajiye makamai na 'yan sanda kafin in ajiye kaki in taho Doha. Takardar da ta kawo ni ta gadi ce. Amma da manajan wani kulob na wasan harbi da ke hanyar Umm Salal ya ga yadda nake riƙe bindiga, sai ya roƙi kamfaninmu a bar masa ni. Aikina in goge bindigogin mambobi, in jera su a kabad, in miƙa wa kowa tasa. Harbawa kuwa an hana ni, ko da harsashi ɗaya.

A nan na san Likita. Bahaushe ne, likitan ƙashi, yana zaune a unguwar Nu'aija, yana zuwa kowace Asabar da safe. Ranar da ya ji ina yi wa wani noti tsiya da Hausa, dariya ya yi har da riƙe ciki. Da ya ji aikin da na yi a gida sai ya sa min suna Saje. Ya taɓa kawo min kilishi, na kai ɗakinmu a Najma muka raba mu shida. Ba zan ɓoye ba, na ɗauke shi ɗan'uwa.

Bindigarsa ƙarama ce mai madubin hange a sama, katakonta kamar a lasa. Sai ta fara ba shi ciwon kai. Zai zo ya murɗa madubin ya saita ta, harsasai su taru a baƙin ɗigon tsakiyar takarda, ya tafi yana fara'a. Asabar mai zuwa sai su sauka ƙasa ta hagu. Ya sake saitawa, wani satin su haura sama.

"Saje, ko dai kana buga ta da kabad ne?"

"Haba, ranka ya daɗe. Kamar ƙwai nake ɗaukarta."

Cikin raha ya faɗa, amma maganar ta tsaya min a rai. Na bi bindigar nan gaɓa-gaɓa. Na duba notocin da ke riƙe da madubin, na sa musu ɗigon fenti don in gane ko suna motsi. Ba su motsa ba. Na duba waɗanda suka haɗa ƙarfe da katako, suna nan daram. Na yi zargin laimar garin nan, wadda kan sa katako ya kumbura ya taɓa bututun, sai na zura siririyar takarda tsakaninsu, ta wuce sumul. Na ce ya riƙa amfani da harsashi na kwali ɗaya, ya yi. Na daina goge cikin bututun har sati biyu, ko man gogewa ne ke ɓata harbin farko. Duk a banza.

Da dabara ta ƙare min, sai na daina kallon bindigar na koma kallon mai ita. Na tsaya bayansa Asabar biyu a jere. Ya yi sabon tabarau, irin mai hawa biyu, sama na hangen nesa, ƙasa na karatu. Sai na ga yana ta neman inda zai gani sosai, ya ɗaga haɓa, ya sunkuyar, kafin ya ɗora kumatunsa a katako. Inda ya ɗora yau daban da na wancan satin. Idan ido bai zo daidai tsakiyar madubi ba, ai wurin da kake gani ba nan harsashi zai je ba.

Ban so in buɗe baki ba tare da hujja ba. Na roƙi kocin kulob ɗin, wani Bature marar yawan magana, ya harba ta a kan buhun yashi ranar Lahadi, da Talata, da Alhamis. Harsashi biyar-biyar. Duka suka faɗa wuri guda, kwabo ɗaya zai rufe su. A nan na yi kuskure, kuma na yarda nawa ne: ban nemi izinin Likita ba. Na ɗauka tsakaninmu ya wuce haka.

Ranar Asabar ya zo da abokan aikinsa biyu, Larabawa. Na jira suka ɗan matsa, na shimfiɗa masa takardun uku, na yi ƙasa da murya.

"Likita, bindigarka lafiyarta ƙalau. Tabarau ɗin nan ne. Idonka ba ya zama wuri ɗaya."

Ya dubi takardun, ya dube ni. Ɗaya daga cikin abokan ya dawo yana tambayar me ake ciki. Sai Likita ya amsa min da Turanci, da ƙarfi, shi da bai taɓa yi min Turanci ba. Wai wa ya ba ni izinin fitar da bindigarsa? Wai da idon nan yake yi wa mutane aiki a ƙashin baya, maigadi ne zai gaya masa idonsa ya lalace?

"Ranka ya daɗe, ban ce ya lalace ba."

Bai ko saurara ba, ya nufi ofishin manaja. Manajan ya kira ni bayan azahar. Ya ce ya san ba da mugun nufi na yi ba, amma doka doka ce, kuma mamba ya rubuta ƙara. Na ce a tambayi kocin. Kocin ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ya zaci an riga an nemi izini. Manajan ya rufe fayil ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare.

Kamfani ya mayar da ni gadin wurin ajiye motoci a ƙarƙashin wani bene, awa goma sha biyu a tsaye cikin hayaƙi. Bayan wata biyu direban kulob ɗin, wani ɗan Zango daga Gana, ya ba ni labari. Wai kocin ya ja Likita gefe ya gaya masa abin da na gaya masa, kalma da kalma. Likita ya yi godiya, ya sayi tabarau na harbi, har ya kawo wa kocin turare.

Na sake ganinsa a wani taron suna na 'yan gida. Na so in kauce, ya riga ya hango ni. Ya taho da hannu a miƙe, da Hausarsa garau.

"Saje! Ina ka shige ne? Ka san bindigar nan ta gyaru? Ashe tabarau ne!"

Na tsaya ina kallon fuskarsa, ko zan ga alamar kunya. Babu. Ko ya manta, ko ya fi ni iya zama da mutane, har yau ban sani ba. Mutane na kallo, ga mai jego na rabon abinci. Na ba shi hannu.

"Masha Allah, Likita. Allah ya ƙara basira."

Ya ce lallai in zo gida mu ci tuwo, ya juya wurin wani injiniya. Ban jira an gama ba. Na ajiye farantina da rabin shinkafar a ciki, na nemi takalmana a bakin ƙofa.