Hancin Kawu a Bakin Salansa

Jiya a kan gadar Wudil wata mota ta bule ni da hayaƙi mai warin ɗanyen fetur, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Direba ne. Kullum in ya tada mota da safe, sai ya tsuguna a bayanta, ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya sansana. Yakan ce, "Man da bai ƙone ba, ta nan yake guduwa."

Wata rana muna dawowa daga kasuwar Darki ina tuƙa mu, na gaya masa makanikena ya ce a ƙwaƙule matatar hayaƙin da ke cikin salansar motata, wai za ta ƙara gudu. Kawu ya sa na tsaya. Ya sauka, ya sansana, ya goge hannu a gefen riga.

"Lafiyarta ƙalau, ɗan nan. Da hayaƙin nan inji yake auna man da zai sha. Ka rikita masa lissafi, gudun nata gidan mai zai riƙa kai ka."

Matatar tana nan har yau. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya shaƙar da shi ƙamshin Aljanna.