Kangon da Inna ta yi wa sallama

Ni dai cutata ɗaya ce, ɗaukar hoton tsofaffin kangaye. Da zarar na samu hutu a asibitin da nake aiki, sai in rataya kyamara in bar unguwarmu ta Edmonton a London, in nufi duwatsun Wales. Matata ta yi mita har ta gaji.

Shekarar da Inna, mahaifiyata, ta zo mana London, magana ɗaya ta riƙe. Gidan marigayi Baba a ƙauye ginin ƙasa ne, katangar gabas ta tsage, kuma tun rasuwarsa ba a yi masa yaɓe ba. So take in je da kaina in sa a gyara kafin damina ta faɗi, tunda ni ne babba. Ni kuwa na riga na yi booking ɗin masauki a Wales, hutun nan na duwatsu ne. Na ce ta biyo ni ta sha iska.

"Iskar ce babu a nan?" in ji ta. Amma ta ɗora rigar sanyina a kan atamfa ta shiga mota.

Wayyo, hawan dutsen nan! Ta yi taku kaɗan ta tsaya ta yi salati, ta ce duk wanda ya yi gida a nan ba ya son baƙi. Da muka kai, ga tsohon gini na dutse, ba rufi, ciyawa ta cinye tagogi, rana ta haska shi daidai yadda nake so. Na durƙusa ina saita kyamara, sai ga Inna a tsakiyar hoton, tsaye a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum!"

"Haba Inna! Matsa mana, hasken zai tafi. Masu gidan sun mutu tun kafin kakan kakanki."

"To don sun mutu sai a faɗa musu gida kamar akuya?"

Ta shiga da bisimilla, tana shafa bango. Ta gano wani lungu mai baƙi ta ce nan ne murhu, nan ake tuƙa musu tuwo. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a, wasu Turawa biyu suka tsaya shiru har ta shafa. Haushi ya cika ni, dariya kuma ta ci ƙarfina. Wallahi ranar na ƙara son tsohuwar nan.

Hadari ya rufe rana, hoto ya bi ruwa. Muka zauna a kan dutse, ta kwance dambun nama. Ba ta kiran sunana, kunyar ɗan fari.

"Kai wannan, mutanen nan ba su bar 'ya'ya ba ne?"

"Sun bari mana. Wataƙila ma jikokinsu suna London."

"Allah sarki." Ta daɗe tana kallon ginin. "To abu ɗaya nake roƙonka. Idan namu ya zama haka, ka aiko wani ya ɗauki hoton. Kada ka zo da kanka."

Na ajiye dambun. Muna gangarowa, riƙe da hannunta, na tambaye ta wane magini ya rage a ƙauyenmu.