Talatin da Ɗaya ga Afrilu

Mai Agogo ya shekara arba'in a rumfarsa ta bakin tasha yana daidaita wa mutane lokaci, alhali ranar haihuwarsa babu ita a kalanda. Takardarsa ta ce talatin da ɗaya ga Afrilu, Afrilu kuwa a talatin yake tsayawa. Da ita ya shiga makaranta, da ita ya karɓi katin shaida, ba wanda ya ce uffan. Ma'aikata ai kwafa suke yi, wa ke da lokacin karantawa?

Sai yanar ido ta rufe masa gani. Asibiti ya ce a yi rajista ta kwamfuta kafin Alhamis, in ba haka ba aikin idon sai baɗi. Manhajar rajistar kuwa autarsa ce ta rubuta ta.

Auta ba ta son aikin ha'inci. Kayan aikin da take gina kwanan wata da su, in ka ba su ranar da babu, shiru suke yi su tura ka gobe. Don haka ta sa shinge: a gina ranar, a duba, in ba ta dawo yadda aka shigar ba a ƙi ta. Shingen nan ne ya tare ubanta.

"Baba, mu sa ɗaya ga Mayu mana."

"Wannan mutumin ban san shi ba," in ji shi. "Kuma mai duba kati zai ce ƙarya muka yi."

Abin ya tsaya mata a rai. Wane ne ya ƙirƙiro ranar? Ta tafi wurin Gwaggo, yayar Baba, wadda ba ta mantuwa sai in bashi ne a kanta.

Gwaggo ta yi dariya. "Magatakardan asibitin haihuwa ne. Kullum da safe kwanan watan jiya yake dubawa ya ƙara ɗaya. Duk jaririn ranar haka takardarsa take."

Duk jaririn ranar. Auta ta koma ofis ta buɗe jerin waɗanda manhajar ta ƙi, sai ga wasu mutum huɗu masu ranar Baba da shekararsa. Wata ma sau biyar aka gwada mata. Kunya ta kama ta sosai.

A ranar ta ƙara gurbi na biyu, na ranar da ke kan takarda ko yaya take. Sunan Baba ya shige. Sannan ta bi lambobin wayar huɗun. Uku suka ɗauka.

Ranar aiki tsofaffi huɗu, har da Baba, suka jeru a benci, suna miƙa wa juna katunan da ba mai iya gani a cikinsu, suna gardamar wa ya riga wa fitowa duniya. Baba ya laluba gefensa ya ji wuri fayau.

"Ta biyar ɗinmu fa?"

"Wayar ba ta shiga, Baba."

"To ki ci gaba da kira. Ita sau biyar ta zo."