Kawu Bala da sabuwar motarsa

Jama'a, yau saura ƙiris ku ji labarina a bakin wani!

Kawu Bala, tsohon hedimasta, ya sayi mota. Satinsa biyu da fara koyo. Da safe ya ce in raka shi Shinkafi daga Kaura, ba mai koya mashi a ciki.

Muna fita gari ya taka wuta. Na ce, "Kawu, sassauta!" Ya ce, "Yi min shiru, na iya."

Jami'an kiyaye haɗurra suka ɗaga hannu. Ya nemi birki, ya taka totur! Muka wuce su fuu! Ga shanu suna ƙetare titi! Ina salati na fizgi birkin hannu. Mota ta juya, ta tsaya dab da wata saniya.

Wani jami'i ya iso da gudu, ya leƙo, sai ya cire hula. Ashe tsohon ɗalibin Kawu ne!

Kawu ya ce, "Lawali, ka yi min afuwa."

Lawali ya rusuna ya ce, "Malam, ko latti ba ka taɓa yafe muna ba. Kawo makulli."

Wallahi Kawu hannu biyu ya miƙa shi!