Ranar da Malama Ta Kai Ni Aji Uku

Tun ina ƙarami nake da i'ina. Tawa ba irin wadda ake ɗan tuntuɓe a wuce ba ce. Idan ta kama ni sai magana ta tsaya mini a maƙogwaro, wuyana ya ƙage, idanuna su kawo ruwa, kalmar ta ƙi fita. A gida ba wanda abin ya dama. Babana masunci ne, aikinsa ba ya son surutu. Inna kuwa bandar kifi take yi, kafin in buɗe baki ta riga ta san abin da nake so. Ƙauyenmu yana bakin tafkin Kainji a ƙasar Ngaski, cikin garuruwan da aka sake wa mazauni bayan ruwan dam ya cinye na da. Lokacin muna jihar Sakkwato ne aka shigo da ilimi kyauta, aka bi gida-gida ana ɗibar yara. Haka na sami kaina a firamare.

Malama ce ta karɓe mu a aji ɗaya, kuma saboda ƙarancin malamai ita ta ci gaba da mu a aji biyu, a ɗaki guda. 'Yar Yelwa ce, matar malamin asibitin garinmu, gajeriya, ba ta ɗaga murya. Sau da yawa da goyo take koyarwa. Ta tsinci ɗan Gunganci da ɗan Kambarci, wanda zai ishe ta ta gai da yaro da harshen gidansu ko ta lallashe shi in yana kuka.

Ba ta taɓa ƙarasa mini magana ba, ba ta kuma bari wani ya ƙarasa mini. In na maƙale, sai ta sunkuyar da kai kamar tana duba wani abu, ta riƙa ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsa ɗaya, a hankali, a hankali. Ban san dalili ba, amma in na bi wannan bugun sai kalmar ta sauko. Wajen kiran suna da safe kuwa, hannu kawai nake ɗagawa, ta gyaɗa kai ta wuce. Yaran ajin suka saba, har suka manta abin dariya ne.

Aji uku na Malam ne. Dogo ne baƙi, mai faɗin kafaɗa, in yana koyar da lissafi har bakin ruwa ana jin muryarsa. Yara sun ce soja ne da, har yau ban san gaskiyar wannan ba. Abin da na sani shi ne a ajinsa ake shiga Turanci sosai, kuma kowa sai ya miƙe tsaye ya yi karatu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya.

Tun da zangon ƙarshe ya shigo Malama ta fara shirya mu, ba tare da ta ce ga abin da take yi ba. Sai ta aiki yara biyu su karɓo mata alli a aji uku, alhali muna ganin alli cike da gwangwaninta. Gobe ta aiki wasu. Kafin zango ya yi nisa, babu wanda bai taɓa tsayawa gaban Malam ya yi sallama ya fito lafiya ba. Ni da abokina ta aika, shi ya yi maganar, ni na riƙo allin.

Wata rana 'yan aji uku sun tafi gonar makaranta, ta sa muka yi layi ta kai mu ɗakinsu. Bencinsu ya fi namu tsawo, tagarsu kuma tana kallon tafki. Ta ce kowa ya zauna inda ransa yake so. Na zaɓi gefen taga. Muka rera waƙa ɗaya a nan, muka share musu ɗakin, muka koma.

Sai wata Juma'a ta gayyato Malam ajinmu. Da ya shigo sai da ya sunkuya a ƙofa. Malama ta ba shi kujerarta, ta ce, "Malam, ɗiyana sun ce tsoronka suke ji. Kai fa, mi kake tsoro?"

Ya shafa kai, sannan ya ce, "Ruwa."

Muka kalli juna.

Ya ce, "Wallahi ruwa. Garinmu tudu ne, rijiya kawai muka sani. Ranar da aka sa ni a jirgin ruwa zan zo nan, idona a rufe har muka iso kwata."

Dariya ta ɓarke. Mu da muka iya iyo kafin mu iya sa wando! Wata yarinya 'yar tsibiri ta ce in yana so babanta zai koya masa. Ya ce sai dai a ɗaure shi da igiya tukuna. Da ya fita, yara suka bi shi da kallo ta taga suna kwaikwayon yadda ya rufe ido.

Wannan ya yi wa yawancin ajin magani. Ni bai yi mini ba, domin ba bulala nake tsoro ba. Tsorona ranar da layin karatu zai zo kaina.

Aka yi dogon hutu da damina. Na bi Baba ruwa, ina kwashe ruwan da ya shiga jirgi da ƙoƙo, ina taya shi warware komar kamun kifi. Na ji daɗin wannan hutu ƙwarai, don wuni guda sai ya wuce ba wanda ya tambaye ni komai. Da aka kusa komawa na ce wa Inna ni na gama boko. Ta dube ni ta ci gaba da juya kifinta.

Ranar da aka buɗe makaranta na sa riga na fita kamar zan tafi, na zarce kwata, inda jirage ke tsayawa, na shige ƙarƙashin wani jirgi da aka kife ana gyara. Ina nan ina jin ƙararrawa. Washegari ma haka. Da la'asar ɗin ranar sai ga sallamar Malama a gidanmu, da goyonta. Inna ta shimfiɗa mata tabarma nesa da hayaƙi, ta kawo ruwa. Ni na laɓe bayan rumbu ina saurare.

Bayan gaisuwa Malama ta ce, "Yaya, kwana biyu ban ga ɗana ba."

Inna ta ce, "Malama, ki bar shi hakanan. Wanga yaro bakinai ba na boko ba ne. Ubanai ma ba da magana yaka kamun kihi ba."

"Gaskiya ne, Yaya. Amma kanshi na boko ne, ni na gani. Ki ba ni shi gobe kawai. In bai so ba, ni da kaina zan maido miki shi."

Inna ta ce, "To, ga shi can bayan rumbu, shina jin ki."

Na fito kaina a ƙasa. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Gobe ka zo ajina. Ba aji uku na ce ba, ajina." Ta miƙe ta gyara goyo ta tafi.

Da safe na tafi da murna. Ɗakin yana nan yadda na san shi, sai dai a wannan shekara an mai da Malama aji ɗaya, sababbin yara sun cika shi. Wurin zamana wani ƙaramin yaro mai majina ya zaune shi. Malama ta nuna mini bencin baya. Gwiwoyina suka tokare da na gaba. Wasu yaran suna kuka suna kiran innarsu, wani ya yi fitsari a wando, ita kuma tana ta kai da kawowa a tsakaninsu, ba ta ko sami sukunin dubana ba. Da suka lafa aka shiga rera baƙaƙe, abin da na haddace tun bara waccan. Ta bayan bango kuwa ina jin muryoyin 'yan ajinmu suna maimaita wani abu da ban taɓa ji ba, ina gane muryar kowa.

Lokacin hutun ƙarfe tara abokina ya same ni gindin bishiyar bedi ya ce, "Kai, wurinka na nan gefen taga. Wani ya so ya zauna, Malam ya ce da mai shi."

Da aka koma aji Malama ta zo ta tsaya kaina. "Ka ga yadda nan ya zama," in ji ta. "Mu je in raka ka?"

Na gyaɗa kai. Ta bar ajinta hannun wata yarinya babba, ta kama wuyan hannuna, muka fita. Tafiyar ba nisa. A bakin ƙofa ta yi sallama ta ce, "Malam, ga ɗanka na kawo maka." Sannan ta sunkuyo ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Bangon nan kaɗai ke tsakaninmu." Malam ya ce, "Shigo, ana jiranka," ya ci gaba da rubutu a allo.

Washegari da Malam ya zo kan sunana wajen kiran suna, bai jira amsa ba. Ya ɗago kai ya dube ni. Na ɗaga hannu, ya gyaɗa kai ya wuce. A nan na gane an yi maganata. Layin karatu ma in ya zo kaina sai ya tsallake ba tare da ya ce komai ba. Amma lokacin tara yakan kira ni gefe ya ce, "Yau za ka gwada, ko sai gobe?" In ce gobe. Ya ce Allah ya kai mu. Goben nan ta yi yawa, bai taɓa nuna ya gaji ba. Wata rana, ban san abin da ya shiga kaina ba, na ce yau.

Na miƙe da littafi. Kalmar farko ta fita, ta biyu ta tsaya. Ajin ya yi tsit, ina jin kukan injin wani jirgi can cikin tafki. Sai na ji dum! dum! dum! Malam ne ke dukan tebur da tafin hannu kamar mai kiɗan ganga, har alli yana tsalle yana faɗuwa ƙasa. Yara suka kwashe da dariya. Ya tsaya, ya dube mu cikin kunya ya ce, "Ba haka ake yi ba?"

Yarinyar nan 'yar tsibiri ta ce, "Malam, da yatsa ɗaya take yi, a hankali."

Ya miƙa ƙaton yatsansa ya gwada. "Haka?"

"Rage kaɗan, Malam!"

Ni kaina dariya nake yi, kuma cikin dariyar kalmar ta kuɓuce ta fita. Na bi ta da ta gaba, na kai ƙarshen layin. Bai yaba mini ba, bai sa a tafa mini ba. Cewa ya yi, "Zauna. Na gaba." Wannan ya fi mini komai daɗi, don abin da yake ce wa kowa ke nan.

I'inar ba ta bar ni ba, har yau takan ziyarce ni in na gaji ko raina ya ɓaci. Amma daga ranar ban ƙara neman a tsallake ni ba. Sai da na girma, na haɗu da Malam wajen wani ɗaurin aure a Wara, ya ba ni labarin abin da ya faru a wancan hutu. Ya ce Malama takan zo da mijinta su zauna ƙofar gidansa da la'asar, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya: wane ba ya ganin allo daga nesa, wance daga tsibiri take zuwa ba ta karya kumallo ba, wane Hausarsa ba ta nuna ba, kada a ɗauka taurin kai ne. Ya ce, "Ni da na zaci na iya koyarwa, sai ga ni ina ɗaukar darasi a kan tabarma. Naka ma har gwaji ta sa na yi, ka dai ga yadda na ci jarrabawar."

A makonnin farko na aji uku nakan je in tsaya a tagar Malama lokacin tara. Ta amsa gaisuwata da fara'a, sannan ta ce, "Je ka yi wasa da 'yan ajinku." Ran da na ci lissafi duka na ruga da littafin wurinta. Ta duba, ta yi murmushi, ta ce, "Aikin Malam ne wannan. Ka yi masa godiya?" Na ce a'a. Ta ce, "To koma ka yi." Abin ya ɗan sosa mini rai a lokacin. A hankali zuwana tagar ya ragu, har na daina ban ma lura ba.

Shekarar ba ta ƙare ba aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Shanga. Ranar tafiyarsu Malam ya sallame mu kafin a tashi, ya ce mu je mu taya Malama ɗaukar kaya. Muka yi ta jigilar kwanuka da tabarmi zuwa motar da ke jira a bakin hanya, shi kuma ya ɗauki gadon ƙarfe shi kaɗai a ka. Inna ta zo da bandar ragon ruwa a naɗe cikin takardar buhun siminti. Malama ta ce, "Yaya, wannan ai sai duk kayana su yi ƙamshin kifi har Shanga." Inna ta ce, "Su yi." Malama ta karɓa da hannu biyu, ta hau gaban mota da goyonta a cinya. Ta leƙo ta bi mu da suna ɗaya bayan ɗaya, ta ce mu ji maganar Malam. Motar ta tashi, 'yan aji ɗaya suka bi ta da gudu suna kuka, Malam ya sa mu manya muka kamo su muka kai kowa gidansu.